Rabin Awar Attahiru Waya

Duk wanda ya saba bin hanyar Tambuwal zuwa Dogon Daji da sassafe, a shekarun da kuɗin man fetur suka fara ratsa ƙasar nan, da wuya a ce bai taɓa cin karo da shi ba. Magidanci ne sosai, da 'yar shara da wando, ya ɗaure ƙugu da tsohon rawani, yana gudu a gefen kwalta shi kaɗai. Ba wanda ya biyo shi, shi ma ba kowa ya biyo ba. Sunansa Attahiru, amma Attahiru Waya aka fi saninsa da shi, kuma shi ne mai kula da siton takin zamani a Tambuwal. Bakin mutane bai bar gudun nan ya huta ba. Wasu suka ce likita ne ya tsorata shi, wasu suka ce soja yake son shiga bayan girma ya kama shi, wasu kuma suka ce a dai sa shi a addu'a. Duk cikinsu ba wanda ya dace.

A wani ƙauye bayan Fakku, can ƙasar Kebbe, aka haife shi. Su biyu ne wurin uwarsu Inno, shi da wansa Dawuda. Ubansu ya rasu suna ƙanana, sai Dawuda ya ɗauki galma tun bai kai ba, domin dai ƙanensa ya zauna a makaranta. Dawuda ɗan fari ne, saboda haka Inno ba ta kama sunansa, ba ta yabonsa gaban mutane, ko kallonsa ba ta cika yi ba in da baƙo a gidan. “Mai gona” take ce masa. Duk alfaharin da kunya ta hana ta yi da babban, sai ta juye shi kan ƙaramin.

Ƙaramin kuwa akwai abin alfahari a ƙafarsa. Tun yana ɗan shekara tara, in aka aike shi Fakku, kafin a sauke tukunya ya dawo. Wani tsoho ne ya ce aiken yaron nan daidai yake da buga waya, shi ke nan suna ya bi shi. Da ya shiga makaranta aka kai shi Sakkwato gasar guje-guje, ya ci tseren mil uku, aka ba shi jan bargo da butar shayi. Bargon nan bai taɓa ganin sanyi ba. Inno ta ninke shi ta ɗora bisa jeren ƙorenta, duk baƙuwar da ta shigo sai an sauko da shi an ba ta labari tun daga farko.

Sai aiki ya samu a Tambuwal, ya auri Hindatu, duniya ta buɗe. Shekarun nan ne ƙaramin ma'aikaci ya fara jin kansa mutum. Attahiru ya sayi babur, ya sayi agogon hannu mai kai kamar faifai, daga nan ƙafarsa ba ta sake taka ƙasa da nisa ba. Ko masallacin unguwa a kan babur yake zuwa. Da safe shayi da madarar gwangwani da burodi an shafe shi da bota, da rana shinkafa 'yar waje tana iyo cikin mai, da yamma tsire da lemon kwalba, ga fura da nono da sukari a tsakani kamar shan magani. Aikin sito kuwa zama ne. Cikin shekara biyar wuyansa ya ɓace, tumbi ya fito ya yi gaba abinsa. Ba wanda ya ga aibu. Mutane cewa suke hutu ya karɓe shi, Hindatu kuma ana yaba mata hannu. A ƙauyensu kuwa ba wanda ya sake lissafi, har yanzu Waya ne, yaron da ya ci bargo a Sakkwato.

Ranar da abin ya faru wata Asabar ce cikin daminar 1977. Ya tafi gaida Inno. Rafi ya kawo, babur ba ya ƙetarewa, sai ya jingine shi a mashigi ya ƙarasa da ƙafa, mil huɗu da ɗoriya, yana tafe yana hutawa. Yana zaune yana fifita da hula aka shigo da Dawuda ranga-ranga daga gona. Gamsheƙa ce ta sare shi a ƙafa wajen noma. Aka ɗaure ƙafar, aka jiƙa saiwa aka ɗura masa, amma kowa ya ga idanunsa sun fara nauyi. Akwai malamin asibiti a Kebbe, Malam Bube, da aka san yana ajiye allurar maciji. Maƙwabcinsu Na'Allah, wani siririn manomi mai zafin nama, ya miƙe ya ce:

“Bari in tai gidan mai gari in aro doki, in ɗauko Malam Bube.”

Inno ta ce, “Wane doki, ga Waya zaune? Kafin a ɗaura sirdi ya kai mashigi.”

Duk idanu suka juyo kansa. Nan ne wurin da Attahiru ya kwashe shekaru yana komawa a zuciyarsa. Ya san jikinsa. Ya san yadda ya iso ɗazu, gumi har cikin takalmi. Magana ɗaya ce kawai ta rage ya faɗa, a bar shi ya hau dokin, ko a bar Na'Allah ya tafi. Amma ga uwarsa ta faɗa gaban jama'a, ga mutanen da suka yi masa tafi yana yaro. Sai ya ji bakinsa yana cewa:

“Ku bar dokin. Ni ka zuwa.”

Aka shirya shi ya yi gaba ya ɗauki babur ya ɗauko Malam Bube, su kuma su aza Dawuda bisa ƙyaure su biyo baya, a haɗu a mashigi. Ya duba agogo, ya tuɓe babbar riga, ya zura da gudu. Har ya ji wata mace tana cewa, “Allah shi ƙara ma ƙafa!”

Gudun bai kai mil guda ba. Yana ɓacewa idon mutane ƙirjinsa ya ɗauki wuta, cinyoyinsa suka riƙa gugar juna, laka tana riƙe masa takalmi. Ya koma sassarfa, ya koma tafiya, ya sake ƙoƙarin gudu, ƙasa ta juya masa. A rabin hanya akwai wata tsamiya, a gindinta ya zube. Wata Bafillatana mai tallar nono, Atu, tana zaune nan ta sauke ƙwaryarta tana hutawa.

“Subhanallahi! Alhaji, mi yak koro ka?” in ji ta.

Ruwa kawai ya roƙa da hannu. Ba ta da ruwa sai nono da fura. Ta dama masa a ƙoƙo, ta miƙa. Da kurɓa ɗaya ya yi ya tashi, da wataƙila ya iya yafe wa kansa. Amma ya shanye ƙoƙon tas, ta ƙara masa, ya shanye. Kuma abin da ya fi ci masa rai daga baya shi ne ya ji daɗin furar. Mai sanyi ce, da ɗan yaji-yaji. Ya jingina da tsamiya yana cewa bari numfashi ya dawo, bari dai ya dawo. Da ya duba agogo, minti ashirin sun wuce. Ya tashi da ciki cike, gudu ya haramta, da tafiya ya ƙarasa. Awa ɗaya da minti ashirin ya yi kafin ya taɓa babur.

Ya samu Malam Bube, ya goyo shi, suka yi ta tsalle cikin ramuka har mashigi. Tun daga nesa ya ga an ajiye ƙyauren a ƙasa, an ja mayafi har kai. Malam Bube ya durƙusa ya taɓa wuyan Dawuda, ya ji da sauran ɗumi. Ya girgiza kai, ya faɗa a hankali, kamar da kansa yake magana:

“Kai! Da mun riga haka da rabin awa…”

Ba wanda ya ji sai Attahiru, domin shi ne a tsaye bisa kansa riƙe da jakar magani.

Wurin zaman makoki aka yi ta yabonsa. Duk wanda ya zo gaisuwa sai an ba shi labarin yadda Waya ya tuɓe riga ya yanki daji domin ɗan'uwansa. Na'Allah da kansa ya dafa shi ya ce, “Ka yi iyakar yinka, kwana na yaƙ ƙare.” Shi kuwa yana sunkuye yana amsa addu'a, kowace kalmar yabo tana sauka a kansa kamar an ɗora masa buhu. Inno ba ta yi kuka gaban mutane ba, ɗan fari ne. Ta zauna a ƙuryar ɗaki da tasbaha, ba ta ce da shi komai ba. Da aka kawo furar sadaka aka miƙo masa, warinta kawai ya ji ya fita bayan gida ya yi amai. Tun daga ranar bai sake sa fura a baki ba, a ƙasar da in mutum bai sha fura ba ba a ce ya ci abinci.

Bayan arba'in ya hau babur ya tafi Kebbe wurin Malam Bube, ya same shi yana wanke kwalabe.

“Malam, rabin awar da kac ce, gaskiya ta?”

Malam Bube ya ajiye kwalbar, kunya ta kama shi. “Malam Attahiru, suɓutar baki ta. Ajali na. Mu sababi kawai muka yi.”

“Na sani ajali na. Ba shi nit tambaye ka ba. Da mun iso yana numfashi, allurar tana yi?”

Mutumin ya ce, “Na ga waɗanda tay yi ma. Na ga waɗanda ba ta yi ma ba.” Da zai sallame shi ya dubi tumbin ya ƙara da cewa, “Kai ma dai ka rage wanga kaya, ko don zuciyarka.”

A hanyar komawa Attahiru ya yi lissafinsa. Awa ɗaya da minti ashirin, a cire rabin awa, saura minti hamsin. Tambayar ke nan da ta zauna masa: mutum mai lafiya, mai shekarunsa, zai iya yin wannan hanya cikin laka a minti hamsin? In ba zai iya ba, to ko bai zauna gindin tsamiya ba, ba abin da zai sake. In kuwa zai iya, to shi ya sani. Ba wanda zai tambaya, domin tambayar sai ta tono furar. Jikinsa kaɗai ne zai ba shi amsa, kuma jikin da yake da shi a lokacin ba mai ba da shaida ba ne.

Ranar Litinin, da leburori suka fita cin abinci, ya kulle sito ya hau sikelin da ake auna taki. Ya rinjayi buhu biyu har da ɗoriya. Ya sauko ya zauna yana kallon buhunan nan biyu, yana tunanin wai su ya ɗauka ya ce zai yi tsere da dafin gamsheƙa.

Washegari bayan sallar asuba ya fita. Wannan fita ta farko har yanzu tsofaffin unguwar suna dariyarta. A Tambuwal ta wancan lokaci babba ba ya gudu sai da dalili, ko wuta ko ɓarawo. Da masu fitowa daga masallaci suka ga mai siton taki ya taho yana haki, mutum uku suka rufa masa baya, ɗaya har da sanda, suna tambaya ina ne, gidan wa. Da ya tsaya ya ce motsa jiki yake yi, suka dubi juna. Mai sandar ya ce, “To, Allah shi sawwaƙe,” irin yadda ake faɗa wa marar lafiya. Daga ranar ya riƙa tura babur har bayan gari, ya ɓoye shi cikin sabara, sannan ya fara.

Ya tuno yadda malamin wasanninsu yake horar da sababbi, ya bi da turakun waya na gefen hanya. Ya yi gudu tsakanin turke ɗaya, ya yi tafiya tsakanin uku. Bayan mako biyu ya mai da shi ɗaya da biyu, sannan ɗaya da ɗaya. Gwiwoyi suka kumbura, Hindatu tana gasa masa da ruwan zafi da gishiri tana mita. Ya gane in ya matsa kullum jikin yana tawaye, sai ya riƙa hutawa ranar Juma'a da Talata. Takalmin kambas ya ƙare, ya sayi wani. Watan da ya fara haɗa turke goma ba tsayawa, ya tsaya a gefen hanya ya ji wani ɗan daɗi ya taso masa, nan take kuma ya ji kunyar daɗin.

Abinci ne ya fi ba shi wuya, domin shi ba a ɓoye ake yinsa ba. Ya sallami mai shayi da mai tsire, ya bar lemon kwalba da man shanu. Tuwon dawa malmala ɗaya da dare, miyar kuka ba mai, da rana kwaɗon zogale ko rama da ɗan wake, wani lokaci gasasshen kifi. Ya kama azumin Litinin da Alhamis, ya ce lada na Dawuda. A dandalin da mazan unguwa suke haɗa kwanukansu da magariba, yakan tsoma hannu sau biyu ya janye, ana ta yi masa tsiya wai ko haya ya bayar da cikin. Yunwa ta hana shi sukuni watanni uku, har mafarkin burodi yake yi. Daga baya ta yi sauƙi.

Hindatu ce ta sha wahalar da ba ta san dalilinta ba. Tela ya rage masa riguna sau biyu, wuya ya dawo, ƙasusuwan kafaɗa suka leƙo. Wata rana ta dawo daga gidan suna ta ajiye mayafi da ƙarfi.

“Malam, mata sun ishe ni. Yau har anka tambaye ni halan wani ciwo kaka ɓoyewa, wata kuma tac ce ko hannuna na yam mutu. In wani laifi niy yi ma, ka faɗa mini.”

“Ba ki yi mini komi ba, Hindatu.”

“To mi kaka nema ga hanyar Dogon Daji?”

Ya ce likita ne ya ce ya rage jiki, wanda ba ƙarya ba ne, ba kuma gaskiyar ba ce. Ta dube shi ta ɗauke kwanon da ya bar rabi. Wannan ma ya shiga cikin abubuwan da yake jin nauyinsu, ga mace tana shan gori saboda sirrin da ba nata ba.

Duk ƙarshen wata yana zuwa ƙauye. Ya ɗauki ɗawainiyar 'ya'yan Dawuda, ya sa a nome gonar. Inno kan dama fura da hannunta ta ajiye masa, ya ce azumi yake ko cikinsa ba daɗi, ta ɗauke. Da zai koma, sai ya yi sallama a ƙofar gida, ya bari ya ɓace wa ido, ya duba agogo, ya zura har mashigi. Bai yarda da gwajin rani ba, ya ce ranar ba a busasshiyar ƙasa ya yi ba. Sai da damina ta dawo, laka ta yi laka. Daminar farko ya yi awa ɗaya da minti biyu. Kafin ta ƙare ya sauko hamsin da shida. Duk ya zo tsamiyar nan sai ya kau da kai, ya ƙara wuta.

A nan zan faɗi abin da shi kansa ya daɗe bai yarda da shi ba. Da ya ga hamsin da shida, ransa ya yi sanyi. Wani ɓangare na zuciyarsa ya ce, ka gani, ba ta yiwuwa, ka tsaya haka. Da ya tsaya, da ya samu abin da zai riƙa lallashin kansa da shi har tsufa. Amma Attahiru mutum ne da ya yi shekaru yana auna taki, ya san sikelin da aka danne da yatsa. Ya san bai kai ƙarshen ƙarfinsa ba. Sai ya koma hanyar Dogon Daji ya ƙara nisa, ya shiga gudu cikin yashin rafi da rani, ya riƙa hawan tudu yana saukowa. Wato da ƙafarsa yake tara shaidar da za a kama shi da ita, yana sane.

Daminar 1979, cikin watan da Dawuda ya cika shekara biyu da rasuwa, ya je ƙauye ya kwana. An yi ruwa, hanya ta yi daidai da yadda take a waccan rana. Sikelin sito ya ce ya sauke rabin buhu da wani abu. Da hantsi ya yi sallama da Inno, ya fita, ya duba agogo.

Bai taɓa jin jikinsa haka ba tun yana makaranta. Numfashi yana shiga yana fita a tsare, ƙafa tana zaɓen wurin taku da kanta. Ya wuce gonakin gero, ya wuce fadama, ya wuce tsamiya ba tare da ƙirjinsa ya ce komai ba. Da ya hango mashigi har da sauran ƙarfin da zai ƙara. Ya dafa babur ya duba agogo. Minti arba'in da huɗu.

Ya tsaya yana kallon agogon, ya kai shi kunne ko ya tsaya ne. Yana tafiya. Sai ya zauna a wurin da aka ajiye ƙyauren, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Shekara biyu yana neman amsa, ga ta ya samu, da ragowar minti shida. Bai hau babur ba. Ya juya da ƙafa ya koma ƙauye, a hankali, kamar mai zuwa gaban alƙali.

Ya tarar da Inno a ƙofar ɗakinta tana tsince wake. Ta ɗaga kai ta ga laka har gwiwa.

“Mantuwa kay yi?”

Ya durƙusa nesa kaɗan da ita. “Inno, magana nika so in yi, shekara biyu ina riƙe da ita. Ranar da anka aike ni, ban yi gudun da aka faɗi ba. Na kasa. Na zauna gindin tsamiya…” Ya sunkuyar da kai. “Fura nis sha, Inno. Ƙoƙo biyu. Yaya yana bisa ƙyaure ni ina shan fura. Yau na gwada hanyar, ana iya ta. Da na bar Na'Allah ya ɗauki doki, ko da ban lalata jikina ba, da mun iske shi da rai.”

Inno ba ta daina tsintar wake ba sai da ta kai ƙarshen faifan. Sannan ta ce:

“Ranar sadakar ukku Atu ta zo gaisuwa. Ita tab ba ni labari, da kyakkyawar niyya. Cewa tay yi ta tausaya ma, ka faɗi gabanta kamar ba ka tashi.”

Attahiru ya ɗago. “Kin sani?”

“Na sani. Na kuma san abin da kaka yi in ka fita nan, masu kiwo suna ganinka.”

“Don mi ba ki ce komi ba?”

“In ce mi?” Ta ture faifan. “Wa yaf fara cewa a bar doki? Ni ta. Sa'adda ka shigo gidan nan ranar, na ga yadda kaka haki, ni nib ba ka ruwa. Na ga cikinka, ba makauniya nike ba. Amma mutane sun taru, nis so su ga ɗana. Ɗana na gudu nika tunani, ɗayan yana kwance gabana. Kai ka samu hanya da agogo kana gwadawa. Ni mi zan gwada?”

Bai taɓa jin uwarsa ta yi magana mai tsawon haka ba. Sai a lokacin ya lura jan bargon ba ya bisa jeren ƙore, kuma da ya yi tunani, tun bayan rasuwar bai sake ganinsa ba.

Ta tashi da ƙyar ta shiga ɗaki, ta fito da ƙwaryar furar da ta dama masa da safe ya ƙi sha. Ta motsa ta da ludayi, ta ajiye a gabansa.

“Duk wata ina dama ma, kana maido mini, ina ɗauka. Duk ka maido sai in ji ka tuna mini. Ya isa hakanan. Allah shi ya san abin da munka yi, shi za mu roƙa, ni da kai.” Ta share ido da bakin zane. “Sha. Dawuda ba ya son a bar abinci.”

Tunda aka haife shi bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta faɗe shi a hankali, kamar mai taɓa wuri mai ciwo, sannan ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna girgiza.

Attahiru ya ɗauki ludayin da hannu biyu. Furar ta yi tsami tun safe. Ya sha, ya sake ɗiba, yana jin kukan uwarsa a gefensa, har ya ga gindin ƙwaryar.